Mutumin da Ake Auna Ruwa da Inuwarsa

Marhun ɗan Sulayyim sau biyu kacal ya taɓa kwana a wajen Sudaira, sau ɗaya da ya kai matarsa asibiti a Nizwa, sau ɗaya da ya je ta'aziyyar kawunsa a bayan dutse. Ba ƙin tafiya yake ba. Shi ne ma'aunin ruwan gari, kuma ba a ɗaukar mudu a tafi da shi biki ranar kasuwa. Ko Makka bai samu zuwa ba, don duk shekarar da ya ɗaura niyya sai dattawa, da ke kiransa da sunan ɗansa Hamad, su ce, "Madalla, Abu Hamad, amma wa zai tsaya mana?"

Ruwan Sudaira na falaj ne, magudanar da kakanni suka haƙo daga gindin dutse ta ƙarƙashin ƙasa har ta ɓullo a bakin masallaci. A shekarar fari kaurinsa bai fi cinyar mutum ba, kuma a kansa gida arba'in da 'yan kai suke rayuwa, su da dabinonsu da lemun tsaminsu da awakinsu. Kowane lambu da rabonsa, yana zagayowa kwana takwas-takwas. Rabon dare da taurari ake auna shi, wannan aikin wani ne daban. Na rana kuwa da inuwar mutum ake aunawa, kuma shekara arba'in da ɗaya mutumin nan Marhun ne.

Akwai fili shimfiɗaɗɗe kusa da masallaci, da dutse binne a tsakiyarsa. Nan yake tsayawa. Zai tuɓe takalmi, ya tuɓe rawani, ya ba rana baya, ya dubi inda inuwar kansa ta ƙare, ya jefa tsakuwa a wurin. Sai ya taka zuwa ga tsakuwar, dunduniya tana taɓa yatsa, yana ƙidaya. In ƙidayar mai ruwa ta cika sai ya ɗaga murya ya ce a juya, na gaba ya kawar da dutse da tsummokin da suka toshe hanyarsa, ya toshe ta maƙwabcinsa. Duk ranar Alhamis Marhun yake aske kansa tal, wai kada gashi ya ƙara wa inuwa ko da faɗin yatsa. Ana yi masa dariya a kan wannan, amma irin dariyar da ake yi wa wanda ake ji da shi.

Yana da shekara goma sha tara aka zaɓe shi. Dattawa suka tsayar da samari uku, suka sa kowa ya taka ƙafarsa bakwai a kan reshen dabino, aka yanke reshen, aka jingina shi da mai shi. Na Marhun ne ya tsaya daidai tsakar kansa. Haka aka gaji yi, kuma babu wanda ya taɓa tsayawa tambayar dalili. Waɗanda suka riga shi babu ɗayansu da ya tsufa a kan dutsen. Wani zazzaɓi ya ɗauke shi yana da arba'in, wani ya bi jirgin Zanzibar bai dawo ba.

Sa'anninsa duk sun watse. Wasu sun tafi aikin mai a Bahrain, wasu Kuwait, suka riƙa dawowa da rediyo da agogo da haƙorin zinare. A shekarun da jiragen sama suke ruwan wuta a kan dutse, mutanen gari suka koma kwana a kogunan saman gari, amma Marhun sai ya sauko da safe ya tsaya a filinsa shi kaɗai kamar wanda bai da kunne, don dabino bai san ana yaƙi ba. Bayan an yi sabon Sarki aka kawo hanyar mota, aka kawo makaranta da lantarki. Garuruwa da dama suka koma rabon ruwa da agogo. Sudaira ta ƙi. Zahir, wakilin ruwa, wanda shi ne ke yanke hukunci in an yi rigima, cewa ya yi agogo yana hannun mai shi, yana iya murɗa shi a ɓoye, rana kuwa ba ta hannun kowa.

Marhun ba mai fara'a ba ne, gaskiya. Ba ya shan gahawa a gidan wanda ke da ruwa a ranar, ba ya karɓar ko ƙwayar dabino a lokacin girbi. Ɗan'uwansa na ciki ɗaya ya taɓa roƙonsa ya ɗan jinkirta kira, shukarsa tana mutuwa, Marhun ya dube shi ya kira a kan kari. Shekara biyu ba su gaisa ba. Wannan sunan na amana shi ne duk abin da ya tara a duniya, kuma ya san da haka, har yana ɗan ji da kansa a kai. Lambunsa kuma ya yi kyau, musamman da girma ya fara kama shi. Mutane suna wucewa su ga dabinonsa sun yi nauyi su ce, "Ka ga albarkar amana ke nan."

Sai ga maganar Jauha 'yar Sabihu. Mijinta ya faɗo daga kan dabino ya rasu, ya bar mata lambu a can wutsiyar gari, inda ruwa yake isa bayan ya gaji. Rabonta daga fitowar rana ne zuwa inuwa ƙafa goma. Daga ƙafa goma zuwa tsayuwar rana a wannan ranar kuwa ruwan Marhun ne, gadon ubansa. Wata safiya ta zo filin, zaninta jiƙe da laka, ta same shi yana ɗaura rawani.

"Abu Hamad, ruwana bai kai layin ƙarshe ba."

"'Yar Sabihu, ƙafa goma ne rabonki, ƙafa goma na ƙidaya."

"To ƙafar taka ce ta ƙara tsawo, ko ranar ce ta koyi gudu? Da ruwan nan yana kaiwa har ya kwanta."

"Ki duba magudanarki, ƙila ta tsage."

"Na duba. Ni fa nake kwana da lambun nan, ba kai ba."

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma wa zai saurari mai ɗaki in yana ƙarar Marhun? Sauran masu ruwan safe manya ne, nasu daga fitowar rana har tsayuwarta, ba su ga wani canji ba. Ita kaɗai ke kuka. Ta yi kuka a shekarar farko, ta yi a ta biyu. A ta uku ta fito fili ta ce Marhun yana yanke mata ruwa yana zubawa a lambunsa. Kai, ranar gari ya ɗauka!

Zahir ya tara maza a zauren gari. Jauha ta tsaya a bakin ƙofa, tunda mata ba sa shiga. Marhun ya yi alwala, ya ɗora hannu a kan Alƙur'ani, ya rantse bai taɓa rage mata ko faɗin yatsa ba. Muryarsa ba ta girgiza ba, don har zuciyarsa gaskiya yake faɗa. Aka zuba ido wata guda a ga ko wani abu zai same shi. Ko mura bai yi ba. Shi ke nan, hukunci ya faɗa kanta. Hamud, wani tsoho mai baƙin baki da ya yi shekara ashirin yana tuƙin mota a Kuwait, ya ce, "Mijin ne ya faɗo, amma kan matar ne ya bugu." Aka kwashe da dariya, maganar ta zauna. Mata suka daina aika mata kiran gahawar hantsi. In ta zo wurin wanki sai hira ta mutu. Dabino biyar na layin ƙarshe suka bushe ɗaya bayan ɗaya, aka ce rashin kula ne.

Ita dai ba ta daina ba. Duk kwana takwas sai ta zo ta ce ruwanta bai kai ba, shi kuma ya ce Allah ya ba ki lafiya. A haka aka ci shekara takwas. Marhun ya tsane ta, ba ɓoye-ɓoye, don ita kaɗai ce a duniya ta taɓa kiransa ɓarawo.

Ana jibi Babbar Salla, da hantsi, matarsa Shamsa ta sa shi ya gwada jallabiyar idi. Ta durƙusa da allura a baki tana naɗe bakin rigar.

"Tsaya da kyau mana. Kai, wannan mutum! Karo na uku ke nan ina rage rigar nan, kullum tana share ƙasa kamar tsintsiya."

"Mai ɗinkin ne bai iya ba."

"Wane mai ɗinki? Ni na ɗinka ta, kuma a idon sawunka ta tsaya. Kai ne kake komawa ƙasa, tsoho. Dubi bayanka, ya fara ruku'u kafin liman."

Ya yi dariya, abin da ba kasafai yake yi ba. Ya ce, "To ki haɗa da takalmin ki rage."

"Wannan ƙafar taka ta raƙumi? Ita kam ko a kabari ba za ta ragu ba."

Shamsa ta ci gaba da ɗinkinta tana surutu a kan naman layya. Ba ta lura dariyarsa ta tsaya ba. Ya tuɓe rigar, ya fita. A lambu ya saro reshen dabino miƙaƙƙe, ya kwantar da shi, ya taka ƙafa bakwai a kai, ya yanke. Sai ya jingina shi da bango ya tsaya a gefensa, ya miƙe iya miƙewarsa har bayansa ya yi ƙara. Ya kai hannu tsakar kansa, ya kai kan reshen. Reshen ya fi shi da kusan taƙi guda.

Bai ci naman Salla ba sai don kada a tambaye shi. Da ranar Jauha ta zagayo ya zo fili da reshen, ya kafa shi kusa da dutse. Da inuwarsa ta cika ƙafa goma ya taka ta reshen, ya samu goma sha ɗaya da ɗoriya. Bai kira ba. Ya tsaya yana jira har ta reshen ta sauko goma, kuma jiran ya kai lokacin da mutum zai yi alwala, ya yi raka'a huɗu a tsanake, ya zauna ya yi addu'a. Wannan shi ne abin da yake ɗauke mata duk kwana takwas yana kaiwa lambunsa. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai ji ba ko a shekarun jirage.

Amma kuma sai ya ga mafita, kuma mai sauƙi. Ruwan da ke bayan nata ai nasa ne. In ya riƙa jinkirta kira babu mai ƙara, babu mai sani. Ya koma gida yana jin kamar an ɗan sauke masa kaya.

Da la'asar aka yi sallama a ƙofar gidansa. Jauha ce. Shamsa ta leƙo ta ce me kuma aka yi, Marhun ya ce ta koma ciki.

"Yau ruwa ya kai layin ƙarshe," in ji Jauha. "Har ya kwanta."

"Alhamdu lillahi."

"Na je bakin falaj na duba, bai ƙaru ba. Abu Hamad, me ka yi yau wanda ba ka yi ba shekara takwas?"

Da maƙaryaci ne da ya sami abin cewa. Shi kuwa bai taɓa koyon abin ba, kuma ba a fara koyonsa da shekara sittin. Ya ɗauko reshen, ya tsaya a gefensa, ya gaya mata komai. Ta dubi reshen, ta dube shi. Ya ce zai ba ta rabin ruwansa har ya mutu, zai ba ta 'ya'yan dabino goma daga mafi kyawun nasa ta dasa a layin da ya bushe.

"Ruwa haƙƙina ne, zan karɓa," ta ce. "Dabinon ma zan karɓa. Amma ba a ƙofar gidanka aka ce mini mahaukaciya ba. Jikokina da wannan sunan suka san ni. Ka je inda ka rantse ka faɗa."

"'Yar Sabihu, wallahi ban sani ba."

"Na yarda. Ni kuwa na sani, na faɗa, me aka ce da ni?"

Washegari ya sami Zahir wakili a lambunsa yana sare ƙayar dabino. Zahir ya ajiye lauje ya saurara, ya shafa gemu, ya ce inna lillahi. Sannan ya rage murya.

"Abu Hamad, kada ka fara. Ka ce gwiwa ta hana ka, mu kafa sandar ƙarfe a wurin a riƙa auna inuwarta, mu yanka maka akuya a yi maka addu'a, ka sauka da girmanka. Matar nan a ƙara mata ruwa a ce sadaka ce."

"Ita ba sadaka take nema ba."

"To me take nema, kanka a faranti? Ka san mutanen nan. In ka buɗe baki yau, gobe duk wanda lemonsa ya taɓa zubar da fure zai ce kai ne. Kuma rantsuwar fa? Wa zai tsaya bambance wanda ya sani da wanda bai sani ba? Shekara arba'in kana tara suna, za ka zubar da shi a zama ɗaya."

Marhun ya san Zahir ba ƙarya yake ba, shi ya sa maganar ta kama shi. Zagaye biyu na ruwa suka wuce yana jinkirta kira a ranar Jauha, yana shiru. Ita kuma ba ta sake zuwa filin ba, ba ta gaya wa kowa ba. Da ta yi ta ihu kamar da, da ya fi masa sauƙi. Shamsa, da ta ji labari, kuka ta yi ta ce da ta sani da ta bar rigar tana share ƙasa. Ta roƙe shi ya bi shawarar wakili, ko don ɗansu Hamad da ke aikin gwamnati a Maskat, wanda duk inda ya shiga da sunan ubansa yake shiga. Marhun ya ce zai duba. Yana son sunansa, yana sonsa ƙwarai, kuma a kwanakin nan goma sha shida sau da yawa ya yanke cewa zai yi shiru.

Abin da ya karya shi ƙarami ne. Wata safiya yana tsaye a fili Jauha ta wuce da ɗaurin ciyawa a ka, Hamud yana zaune da wasu a bakin masallaci. Hamud ya ce, "Uwar ƙafa goma, yau ranar ba ta yi gudu ba?" Aka yi dariya kamar kullum. Ita kuwa Marhun kawai ta kalla, sannan ta wuce.

Da aka taru shan gahawa a zauren gari bayan la'asar, ya shigo da reshen a hannu. Ya aika aka kira Jauha, ta zo ta tsaya a bakin ƙofa. Zahir ya sunkuyar da kai. Marhun ya tuɓe rawani, ya kafa reshen, ya tsaya a gefensa, ya ce su duba. Da farko wasu suka yi dariya, ganin tsoho da ƙoƙon kai a waje yana gwada tsawo da itace. Da ya yi bayani dariyar ta ɗauke.

Hamud ne ya fara magana. "To ai wannan ba laifinka ba ne. Allah ne ya tanƙwara ka, mu ma duk ya tanƙwara mu."

"Ban zo neman wanda ya tanƙwara ni ba," in ji Marhun. "Na zo in ce ruwan 'yar Sabihu ya shiga lambuna shekara takwas. Ta faɗa, na rantse a nan na ce ba haka ba ne. Ita ce mai gaskiya. Ba mahaukaciya ba ce, ba ta taɓa zama ba. Hamud, da kai nake musamman."

Jauha ta gyara mayafinta ta tafi.

Abin da Zahir ya faɗa kuwa duk ya faru, bai rage komai ba. Kafin mako ya zagayo masu ruwan yamma sun tono rigimar da ta girmi 'ya'yansu. Ɗan'uwan Marhun ya ce shi daman ya daɗe da ganin take-takensa. Wasu suka ce ya sani tun tuni, tsoron kabari ne ya sa shi magana. Masu wucewa ta lambunsa suka daina zancen albarka, suka koma cewa dabinon doro. Akwai waɗanda suka ce samun irinsa sai an tona, amma a hankali suke faɗa, kuma ba su da yawa. Mata suka aika wa Jauha kiran gahawa, ta je sau ɗaya, ta zauna a tsakiya, ta sha kofi uku, ba ta sake zuwa ba. Ta karɓi rabin ruwan, ta dasa dabinon, kodayake ta san ba lalle ta ci 'ya'yansu ba. Lemun tsamin Marhun ya bushe a bazarar da ta biyo.

Aka kawo ƙarfe daga Nizwa aka kafa shi da siminti a gurbin dutsen, aka jera duwatsu a ƙasa inda ƙidayar kowa take cika. Babu akuya, babu addu'a. Kowa ya koma duba wa kansa.

Safiyar farko da ruwan Jauha ya zagayo bayan an kafa ƙarfen, Marhun ya tashi ya nufi fili, don ƙafarsa ba ta san wata hanya ba a wannan lokacin. Ya same ta a can, ta bar surukinta a lambu, ta tsugunna kusa da dutsen ƙafa goma tana kallon inuwar ƙarfen a ƙasa. Ya yi sallama, ta amsa. Ya tsaya a bayan ƙarfen, hannuwansa a baya, yana so ya ce mata saura kaɗan, don ya fi wancan ƙarfen sanin lokaci.

"Abu Hamad," ta ce, ba ta ɗago ba, "matsa, inuwarka ta hau kan tawa."

Ya matsa taku biyu.

"Ƙara."

Maganar ta yi masa ciwo, kuma ya san ba ta faɗi abin da ba haka ba. Ya ƙara matsawa, ya ƙara, har ya kai gindin kurnar da ke gefen fili. Ya zauna a nan tare da tsofaffin da ba su da aikin yi, ɗaya daga cikinsu ya gusa ya ba shi wuri.